Rana Ba Ta Shiga Layin Teloli

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da Malama. Ya aiki, ya fama da injinan ruwan mutane? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Bayana ya daina ciwo tun da na ƙara wa kujera matashi.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Ka manta inda shagona yake ne? Layin teloli can cikin kasuwa yake, ƙarƙashin bene, ko sabis ba ya shigowa. In na fita bakin titi na kira ka, kai kuma kana cikin rami da sifana a hannu, "to, to, sai an jima" kawai nake samu. Shi ya sa na ba direban da ke kai kaya garinku wannan takarda. Ka zauna ka karanta ta har ƙarshe, ba irin karatun da kake wa takardar wuta ba.

Maganar 'yata Anini ce. Ka san tun rasuwar babanta, a ƙarƙashin teburin yankana take wuni, shi ya sa ma teloli suka laƙa mata sunan, wai duk abin da aka tsinta a ƙasan tebur anini ne. Kowa yabonta yake yi, yarinya ba kuka ba ƙiriniya, inda ka ajiye ta nan za ka same ta. Ni ma ina ta jin daɗi. Ashe ba haƙuri ba ne, tafiyar ce take mata ciwo. Ta haura shekara uku, amma in ta yi ɗan taku sai ta zauna ta miƙo hannu a ɗauke ta. Wata mata ce ta zo awo, ma'aikaciyar jinya, ta kama wuyan hannunta ta latsa, ta ɗaga mata riga ta dubi ƙafafun, ta ce in kai ta asibiti, kada in tsaya sai na gama ɗinkin kowa.

Na kai ta. An ɗauki hoton ƙashi, an ɗebi jini. Likita ya ce ƙashinta bai yi ƙwari ba, nauyin jikinta ne yake lanƙwasa ƙafafun. Abu biyu ta rasa: kalsiyam, wanda da shi ƙashi yake ginuwa, da bitamin D, wanda yake sa jiki ya karɓi kalsiyam ɗin. Ya rubuta magani na yara. Ya ce in aka dage yanzu ƙafa tana iya miƙewa da kanta, in kuwa aka yi sake ƙashi ya bushe a haka, sai dai tiyata. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yaya, na taka garin nan. Ɗakin maganin asibiti sun ce ya ƙare da daɗewa. Kemis ɗin bakin tasha ya ce yana hanya. Na kusa da gidanmu ya miƙo min maganin ƙarin jini ya ce ai duk ɗaya ne, na ce in duk ɗaya ne ya sha ya ba ni labari. Wani ya lalubo kwalba ta sha ƙura, na duba na ga lokacinta ya wuce tun Anini ba ta yi haƙori ba.

Na kwafa maka abin da likita ya rubuta a bayan takardar nan. An ce ku can komai akwai. Ka nema min don Allah. Ban saba roƙonka ba, kai ma ka sani.

Ka gaida Malama da kyau.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Malama tana amsawa, tana fama da 'yan ajinta da kuma mura. Ni gwiwa ce take ɗan yi min tsiya in na sauko daga tanki.

Na karanta har ƙarshe, don kada ki kai ƙarata. Sai na buɗe hoton da kika turo mana kwanaki, wanda Anini ta tsaya jikin ƙofa cikin doguwar riga. Na duba, Malama ta duba, har maƙwabcinmu mai kemis ya sa tabarau ya duba. Yarinya tsaf da ita, kumatu cike. Auta, kin san halinki, tun kina ƙarama in sauro ya cije ki sai an tara dangi. Wane yaro ne bai yi tafiyar agwagwa ba? Ni kaina Inna ta ce kare yana iya ratsawa ta tsakanin ƙafafuna, ga ni yau ina hawa bene da buhun siminti.

Ban ce likita bai san aikinsa ba. Mai kemis ya ce na yaran ba ya ajiye shi, sai ya sa an kawo daga babban shago. Na manya ne a hannunsa, ƙwayoyi manya-manya irin na tsofaffi masu ciwon ƙugu. Na ce ya ba ni ki riƙa ɓantara mata, ya hana, wai ba a raba wa yaro maganin babba da ka. To, na ce ya sa a kawo. In bai iso ba kafin direba ya juya, sai zuwa na gaba, ai ba gudu ake ba.

Kafin nan ki riƙa ba ta madara, ki kuma kwantar da hankalinki.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya ba Malama lafiya, kai kuma ya sassauta gwiwa, ko da yake wanda ya ce ba gudu ake ba ban ga abin da zai yi da gwiwa ba.

Hoto ka duba? To rigar wa ya ɗinka? Shekara nawa ina ɓoye tumbin mutane, da kafaɗar da ta fi 'yar'uwarta tsawo, da ƙugun da ya karkace? Sana'ata ke nan. Idona yana ganin inda jiki ya kauce, hannuna ya ƙara yadi a wurin tun kafin in yi tunani. Rigunan Anini duk masu faɗi ne har idon sawu, da tattara daga ƙirji. Da ka iya hango ƙafarta a hoton nan, da na ajiye almakashi na koma sayar da ruwa.

Gani ya kori ji. Ka buɗe takardar simintin da ke cikin ledar nan ka shimfiɗa a ƙasa. Kwantar da ita na yi a kai, na haɗa mata idon sawu, na bi gefen ƙafafunta da allin yanka yadda nake fitar da wando. Ita dariya take ta yi, wai ina mata cakulkuli. Ka sa hannunka tsakanin gwiwoyin nan, sannan ka gaya min ko tafiyar agwagwa ce.

Na koma wurin likita na ce magani ya gagara, a ba ni wata dabara. Ya ce dabara tana taimakawa, amma inda abin ya kai ba za ta maye gurbin magani ba. Madara ko nono kullum, ƙwai har da gwaiduwa, ƙananan kifi busassu a daka su har ƙaya a zuba a miya, riɗi, ganye. Duk ina yi. Kifin ne rigima, da ta ji ƙamshinsa sai ta rufe baki da hannu biyu. Mai guga na ƙarshen layinmu ya ba ni shawara in riƙa kankare mata allin yanka a ruwa, tunda shi ma fari ne kamar ƙwayar. Na tambayi likita don kada a ce ban tambaya ba, saura kaɗan ya faɗo daga kujera.

Daga nan ya tambaye ni tsawon lokacin da take yi a rana. Na ce wace rana? Muna barin gida gari bai gama wayewa ba, tagar ɗakinmu bangon maƙwabci take kallo, a layinmu kuma ƙwan lantarki ne ranarmu. Sai bayan magariba muke komawa. Ya ce bitamin ɗin nan fata ce take haɗa shi in rana ta taɓa ta, hannu da ƙafa a buɗe, ba ta bayan gilashi ba. Wato abin da Allah yake rabawa kyauta, wanda akuya ma take samu, shi 'yata ta rasa. Na fito na zauna a bencin asibiti na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Ka matsa wa mai kemis ɗinka.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya, ina fata ku ma haka. Na ajiye wasa.

Malama ce ta buɗe takardar a tsakar ɗaki, ta danne kusurwoyin da takalma. Na shigo na tarar da ita durƙushe a kai, ba ta ko ji sallamata ba. Na sa hannuna inda kika ce, tafin hannuna ya shige har da saura. Ki yafe min maganar sauro.

Ban jira mai kemis ba, na bar aiki na shiga gari da kaina. Ga kwalba biyu na ruwa, irin wanda likita ya rubuta, na naɗe su cikin tsohuwar rigata. Su kaɗai suka rage a shagon. Ashe mu ma nan ba kullum ake samu ba, wai daga nesa ake kawowa, in ya makara kowa ya makara. Ki nuna wa likita kafin ki fara ba ta.

Yanzu ki saurare ni da kunnen basira. Kwalba biyu ƙarewa za su yi. Rana kuma ba ta shiga leda balle in ba direba. Mu nan muna da tsakar gida, rana a ciki take wuni, ga asibitin ƙashi kusa, ga Malama tana tashi daga makaranta da azahar. Ki turo mana Anini. Ƙarƙashin tebur ba wurin renon yaro ba ne, ke ma kin sani. Gidan nan shiru ya yi masa yawa, ko gobe aka kawo ta a shirye muke.

Yayanki

*

Auta,

Ina gaishe ki, ina gaida Anini.

Direba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya sake dawowa, babu ko layi ɗaya. Ya ce ya ba ki kwalaben hannu da hannu, kin ce an gode, kin juya kan kekenki. Da ya tambayi amsa kin ce masa aiki ya yi yawa. Na kira waya ba ta shiga, in ta shiga ba a ɗauka.

An ce shiru ma magana ce, amma ni ban iya karanta irin wannan ba. In laifi na yi, ki faɗa. In jikin yarinyar ne, ki faɗa. Malama ta daina tambayata ko an samu takarda, hannuna kawai take kallo in na shigo.

Yayanki

*

Yaya,

Muna lafiya. Anini tana shan magani, likita ya gani ya ce shi ne. Mun gode Allah, mun gode maka.

Tunda ka ce in faɗa, bari in faɗa. "Ƙarƙashin tebur ba wurin renon yaro ba ne." Na karanta layin nan har takardar ta yage ta wurin ninki. Teburin nan shi ya ciyar da ita tun ranar da aka fita da babanta, kuma a lokacin babu wanda ya ce in turo ta. Sai kuma ka biyo da cewa gida ya yi shiru. Yaya, na san shekarun da kuka yi kuna jiran haihuwa, ni da kaina ban taɓa cire ku daga addu'a ba. Amma 'yata ba maganin shiru ba ce. Magani na roƙa, ban ce a raba ni da ita ba. Ita kaɗai gare ni, kuma maganarka ta yi min ciwo.

Don ka san ba zama na yi ba: na fito da tsohon keken ɗinkin Inna na ƙafa, na sa aka kai min shi bakin ƙofar kasuwa inda rana take faɗowa da hantsi. Na rage tsawon rigunanta zuwa gwiwa, na cire hannayen, na zaunar da ita a tabarma kusa da ni. Farkon fitarmu runtse ido ta yi tana kuka, wai fitilar nan ta yi zafi, a kashe. Mata masu wucewa kuwa kowa da fatawarta a kan ƙafafun, wata ta ce a ɗaure su da katako, wata ta ce baki ne. Na toshe kunne. Masu kawo min ɗinki suka fara zamewa, don wadda ta saba shiga shago a ja labule a auna ta ba za ta tsaya a bakin titi tana ɗaga hannu ba. Wannan ma ban damu ba. Sai masu gadin kasuwa suka ce na tare hanya. Na ja keken gefe, suka ce nan ma hanya ce. Ƙarshe suka ɗora shi a baro suka mayar min shago, cikin mutunci dai, babbansu har yana ba ni haƙuri, wai in ya bar ni gobe teloli duka za su fito.

Yanzu da rana tsaka nake rufe shago in fita da ita, mu tsaya jikin wani bango kamar masu jiran mota. Wata rana mu samu, wata rana hadari ya rufe, wata rana mai biki ta tsare ni da zif ɗinta har rana ta juya. Kwalba ɗaya ta ƙare, ta biyu ta yi rabi. Maganin kemis ɗin bakin tasha har yanzu yana hanya, ina jin a ƙafa yake tahowa.

Ban yi fushin da zan ƙi gaishe ka ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kada ka sake yi min maganar turowa.

Auta

*

Auta,

Na gode da kika amsa, ko da faɗa ne. Muna lafiya.

Kin san bakina, ba a ɗaure shi daidai ba tun asali. Rana nake nufi, ba renonki ba. Duk wanda ya ce ba ki iya reno ba, ni zan fara cin kwalarsa. Maganar shiru kuma ni na rubuta, Malama ba ta san na sa ba. Da na karanta mata amsarki ta tashi ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba.

An ba su Malama hutu a makaranta. Ta ce zumunci a ƙafa yake, takarda ta yi iya yinta. Za ta biyo direba da wasu kwalabe da muka samo a wani gari. Ta ce in rubuta miki da manyan baƙaƙe cewa ba ɗaukar kowa za ta zo yi ba. Ki ba ta tabarma da ɗan wuri, ba ta da cin abinci da yawa, sai dai gyara wa mutum magana.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Matarka tana lafiya, ta ce ka daina wanke kwano da sabulun wanka.

Farkon zuwanta zaman baƙunta muka yi, ni "sannu Anti", ita "sannu Maman Anini", kowa yana taka-tsantsan kamar mai tafiya da tiren ƙwai. Ta zo shago ta zauna a kan buhun ƙyalle, ta dubi ƙwan lantarki, ta dubi ƙasan tebur. Na so ta ce wani abu in samu abin kamawa, ta ƙi.

Ita ce ta lura da ruwan da ke ɗigowa ta matakalar bayan layinmu, ta tambayi daga ina yake. Na ce mai wanki ne yake shanya a saman bene. Shekara da shekaru ina tsallake ruwan nan ina tsaki, ban taɓa hawa ba, don matakalar doguwa ce kuma ba ni da abin yi a can. Ta goya Anini ta hau. Ashe fili ne fetal, da katanga kewaye har ƙirjin mutum, rana tun daga fitowarta, ba mai gadi ba mai fatawa, sai igiyoyin shanya da matar mai wanki da 'ya'yanta.

Tun daga ranar kullum da hantsi suna can. Tana tafiya da dafaffen ƙwai da kofin madara da abinci mai garin kifi. Kifin da na yi ta yaƙi a kansa, ita ta mayar da shi aji: ta jera 'ya'yan mai wanki, kowa ya buɗe baki a ba shi loma a tafa masa, Anini ta ga za a bar ta a baya ta buɗe nata. Yanzu tana saukowa ta yi baƙi ta kwaso yunwa, tana ba ni labarin tantabaru.

Mun koma asibiti tare. An sake hoto. Likita ya ce kumburin wuyan hannu ya ragu, bakin ƙashi ya fara kamawa. Ya ce hanya ta yi kyau amma doguwa ce, shekara ko fiye, kada a yanke magani, kada a yanke rana.

To, Yaya, hutu ya zo ƙarshe. Na kwanta na tashi da maganar nan. Hantsi shi ne lokacin da masu kawo ɗinki suke zuwa, in na hau bene ba mu ci ba, in na zauna a shago ƙafa ta bushe a karkace. Kuma in kwalaben nan suka ƙare sai a koma jiran direba da jiran sa'a. Matarka ba ta taɓa yi min maganar ɗauka ba. Rannan Anini ta kira ta Mama, ta durƙusa ta ce mata, "A'a, Anti ce. Mama ga ta can tana ɗinki." Da ta nemi ta janye min ita da na iya faɗa. Wannan kuwa ban san yadda ake faɗa da shi ba.

Na haɗa wa Anini jaka. Na gaya wa Anti ta tafi da ita har ƙafa ta miƙe. Ta dube ni ta ce "to". Direba zai riga su isowa da takardar nan, su sai motar safe ta bayansa. Anini ba ta son a rufe mata fuska in ana sa mata riga, ta ƙasa ake sa mata. In ta yi kuka kada ka yi mata tsawa da muryar nan taka. Ni ce na ce kada ka sake maganar turowa, ga shi ni na turo, kuma zuciyata ba ta so, ƙafarta nake dubawa.

Auta

*

Yaya,

Lafiya muke, amma hankalina ba a kwance yake ba. Me na yi wa matarka?

Ranar tafiya ta ce in wuce shago da Anini, za ta je tasha ta kama musu wuri ta dawo ta ɗauke ta. Na yi mata wanka, na sa mata takalmi, muka zauna muna jira. Maimakon Anti sai ga matar mai wanki da zane a hannu, wai ta zo goya Anini su hau sama, haka suka shirya da Malama, kullum za ta riƙa zuwa. Na ruga gida na tarar da jakar a bayan ƙofa yadda na ajiye ta, kayan Anti babu. A tasha suka ce motar ta daɗe da tashi.

Maganar da na rubuta ce har yanzu take cinta? Ko ta ga wahalar yarinyar ce ta fasa? In haka ne ai sai ta faɗa min a ido, ba ta bar ni da 'ya sanye da takalmin tafiya ba. Ka gaya min gaskiya.

Auta

*

Auta,

Ta iso lafiya, muna gaishe ku.

Ba ki yi mata komai ba. Na je tasha tarbarsu da ledar biskit a hannu, na ga ta sauko ita kaɗai. Ban tambaye ta ba sai da muka shiga gida ta sha ruwa.

Ta ce ta amsa miki "to" da niyyar tahowa da ita, har ta fara tunanin makarantar da za ta sa ta. Ana gobe tafiya suna sama, sai ta nemi Anini ta rasa a cikin shanya. Ta same ta a bakin wata 'yar taga mai raga da iska ke fita daga layinku, ta kwanta ta kafa kunne. Kekuna ne ke ta ƙara daga ƙasa, na kowa da kowa a haɗe. Ta tambaye ta me take ji. Yarinyar ta ɗaga yatsa ta ce a yi shiru, can ta ce, "Ga na Mama." Da ƙarar ta tsaya ta ce Mama ta tashi yanka. Malama ta leƙo ta matakala ta hango ki tsaye da almakashi. Matar mai wanki ta ce ai kullum haka take yi, in ta gaji da wasa nan take zuwa ta yi barci.

Malama ta ce daga nan ta san ba za ta iya raba ku ba. Ta kuma san in ta tsaya gabanki ta ce ta fasa, za ki rantse sai ta tafi da ita, ita kuma ba ta da ƙarfin da za ta ƙi sau biyu. Shi ya sa ta gudu. Ta ce ki yafe mata maganar takalmi.

Ga abin da ta shirya. Matar mai wanki ta karɓi hawa da saukar Anini, ta ce ai ɗaya ce cikin nata, sai dai ki riƙa duba mata kayan makarantar yaranta in sun yage. Mai wanki ya yarda a hau da keken Inna a ajiye ƙarƙashin rumfarsa, duk ranar da aikin kalmasa ne kawai sai ki yi shi a sama kusa da ita. Magani kuma ya zama aikina. Na bi shagunan garin nan na bar lambata a kowanne, duk wanda ya samu zai kira ni, kuma ba zan bari ki buɗe kwalbar ƙarshe ba sai wata tana hannun direba. In an zo hoton ƙashi na gaba ki aiko da abin da likita ya ce.

Akwai abin da ba ki sani ba, kuma gara ki sani. Da kika ce 'yarki ba maganin shiru ba ce, ba duka kika yi kuskure ba. Tun ranar da takardar simintin nan ta iso Malama ta kwashe kayan aikina daga ƙaramin ɗaki, ta share, ta sa aka yi fenti, ta sayi 'yar katifa. Ba ta gaya min dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Da ta dawo ta tsaya a ƙofar ɗakin ta daɗe, sannan ta ce in mayar da kayana, bututu suna tare hanya a tsakar gida. Na ce to. Har yau ban mayar ba, ita ma ba ta sake magana ba.

Takarda ta gaba kada ki rubuto min. Ki rubuta mata ita. Ki gaya mata abin da Anini ta ci, da matakala nawa ta hau da ƙafarta kafin a goya ta, da ko ta tambayi Anti. In ba ta tambaya ba ma, ki ce ta tambaya.

Yayanki